Tamaular Goggo Tana Cikin Jakata

Ranar da aka kai Goggo makwancinta, kafin la'asar mutum uku suka ta da zancen tamaularta. Ba ni suke tambaya ba, amma ni gabana yake faɗuwa.

Muna zaune a tsakar gidanta na Unguwar Shanu, an shimfiɗa tabarmi har bakin famfo. Maza suna waje ƙarƙashin rumfa, sun cika layin har masu Keke sai sun zagaya ta baya. Wata mai suyar awara daga Rafin Guza ta shigo da kukanta tun daga zaure, ta zube gaban Yaya, babbar 'yar Goggo. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta share fuska da gefen hijabi, sannan ta ce, "Wai ni Hajiya, ina tamaular nan ta Malama? Wallahi har yau in na ga tsumma a dunƙule sai na gyara zama."

Mata suka kwashe da dariya, hawaye na zuba. Can aka ce wani babban darakta yana sallama a bakin zaure. Ya zo da mota da direba, hularsa kaɗai abin kallo ce, amma da Yaya ta leƙa sai ya durƙusa kamar ɗan aji uku. Shi ma bayan addu'a abin da ya roƙa ke nan, in tamaular tana kusa a ba shi ya riƙe ko na minti ɗaya ne. Wani Bakatsine mai tuƙa Keke yana tsaye a bayansa, ya ce, "Ni dai da tamaular nan ta koya mani kallon mutum in gaishe shi. Da aka kawo ni garin nan, ko sunana ban iya faɗi gaban jama'a."

Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya Yaya take ba shi: "Tana wurin wadda aka jefa wa." Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, kuma da ta kalle ni ɗin da ya fi mini sauƙi. Na ƙanƙame jakata a cinya kamar wadda ta shiga kasuwa ranar jajibirin Sallah. Tamaular tana ciki, ƙarƙashin rajistar aji da kwalbar turare. Shekara ɗaya da wata biyar ke nan tana wurina.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Goggo, ko da yake duk wanda ta taɓa jifa ba mai mantawa ba ne. Zan kuma faɗi gaskiya tun yanzu, tunda ita ma ba ta son kwana-kwana: a duniyar nan babu wanda ya taɓa ƙure mini haƙuri kamar matar nan. Allah ya gafarta mata, ni ma ya gafarta mini.

Yayar mahaifina ce. Ta koyar a firamare sama da shekara talatin, ta yi ritaya tana shugabar makaranta. Darasin da ta fi so shi ne na zamantakewa, wato yadda ake zama da mutane: gaisuwa, sauraro, ba da haƙuri, jiran layi. Tamaula kuwa ƙwallon tsumma ce da ta haɗa da hannunta, tsofaffin safa da ƙyallen atamfa ta naɗe da zaren buhu, ba ta fi babban lemo girma ba. Da ita take buɗe darasi. Ba ta taɓa alli sai ta yi abin da take kira wasan sakin jiki.

Za ta jefa wa yaro. Wanda ya cafe sai ya miƙe, ya faɗi sunan wanda ya jefo masa, ya faɗi abu ɗaya mai kyau da mutumin ya taɓa yi, sannan ya jefa wa wani. Mai riƙe da tamaula ba a katse masa magana. Wasa kuma ba ya ƙarewa sai ta dawo hannun wanda ya fara. A baki abin da sauƙi, amma sai ka gwada da Goggo tana tsaye a kanka. In ka ce, "Yana da kirki," za ta ce, "Kirki ba aiki ba ne. Me ya yi?" In ka ce rigarsa ta yi kyau, ta ce, "Tela ka yaba, sake." Malaman azuzuwan kusa sun sha kai ƙararta saboda hayaniya. Amsarta ba ta canzawa: "Yaron da bai san sunan wanda suke zama benci ɗaya ba, me zan rubuta masa a allo a kan zaman lafiya?"

Da abin ya tsaya a aji, da mun gode Allah. Amma Goggo ba ta san inda makaranta ta ƙare ba. Ta fito da tamaular nan a gidan suna, ta fito da ita a wurin kamun amarya, ta taɓa fito da ita a layin ganin likita saboda wasu mata biyu suna musun wadda ta riga zuwa. Mu 'yan uwa in muka ga ta sa hannu cikin ledarta baƙa, sai ka ga kowa ya tuna yana da alwalar da zai sabunta.

Ba zan manta da wata Sallah ba. Baba da Baffa, ƙannenta biyu, sun kusa shekara ba sa magana, saboda Baffa ya sa ranar auren 'yarsa, Baba kuwa a bakin maƙwabci ya ji. Dukansu suka zo gaishe ta, kowa ya kama kusurwarsa a falo yana kallon bango. An jera kuloli, ƙamshin miyar kaza ya cika gidan. Goggo ta ce kada wanda ya buɗe kula sai tamaula ta dawo. Ta jefa wa Baba, ya faɗi nasa a kanta da sauri don ya rabu da ita. Ta nuna masa Baffa da haɓa. Ya jefa ba da son ransa ba, ta daki ƙirjin babbar rigar Baffa ta faɗa masa a cinya.

Baffa, mutumin da ya yi ritaya da furfura daga aikin gwamnati, ya ce, "Haba Hajiya, don Allah. Mu fa ba yara ba ne."

Ta ce, "Da yara ne ku, ai da tuni kun shirya."

Jikoki suna kallon kula, mu muna kallon agogo. Can Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "To, yana zuwa masallaci a kan lokaci."

"Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Kai me ya yi maka?"

Sai Baffa ya ce, yana kallon tamaular, "Da aka yi mini aikin ido, shi ya riƙa kai ni asibiti. Sati uku. Shi ke riƙe mini hannu a matakala." Baba ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Ranar a faranti ɗaya suka ci abinci, mu kuma muka ci shinkafa da miya mai sanyi. Abin haushin ke nan da Goggo, dabarar tata tana ci. Da sau ɗaya ta ƙi ci, da mun huta.

Ni ma koyarwa na karanta, kuma darasin nata na ɗauka, a wata ƙaramar sakandare da ke Unguwar Sarki. Tun daga ranar ta sa mini suna Malama Ƙarama. Ina da digirina, ina da tsarin darasina a rubuce, ga yara sun haura sittin a aji, ga minti arba'in kacal, ga manhajar da dole a gama kafin jarrabawa. Ba ni da lokacin jefe-jefe, kuma na faɗa mata haka ba sau ɗaya ba.

Wata Litinin da safe na rubuta "Ma'anar Zamantakewa" a allo, yara suna kwafa, aji tsit yadda nake so. Sai na ji sallama. Ga Goggo da sandarta da baƙar ledarta. Shugabar makarantarmu tsohuwar ɗalibarta ce, don haka babu ƙofar da ke rufe mata. Ta ce, "Awon hawan jini na zo nan kusa, na ce bari in leƙo Malama Ƙarama. Ci gaba, ni baƙuwa ce." Ta je bencin baya ta zauna.

Minti biyar ta iya daurewa. Sai na ga hannu a sama, kamar na ɗaliba. "Malama, ina da tambaya." Kafin in buɗe baki ta dubi yarinyar da ke gabanta ta ce, "'Yata, ya sunan wadda ke kusa da ke?" Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ba ta sani ba, kuma sati uku ke nan suna zama benci ɗaya. Goggo ta sa hannu a leda.

Minti ashirin da biyar ta cinye mini cikin arba'in. Aji ya kaure da dariya da tafi. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka riƙa miƙewa suna magana, wata tana cewa wance ta ara mini biro ranar da nawa ya ƙare, wata tana cewa wance ta raka ni gida da nake zazzaɓi. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Ajina ne, amma a gabana wata ta buɗe shi da tsumma. Da tamaular ta dawo hannunta na yi ajiyar zuciya, na ce an gama. Sai ta juyo ta jefo mini. Hannuna ya cafe kafin in yi shawara.

Yara suka ɗauka, "Malama! Malama!" Goggo ta jingine sanda, ta buɗe tafukanta biyu tana jira. Na dubi idanun yaran nan sama da sittin, na dube ta. Na ce, "Lokaci ya ƙure. Kowa ya buɗe littafinsa." Na zuge jakata na jefa tamaular ciki.

Ta ɗan jima a tsaye da hannuwanta a buɗe. Sannan ta sauke su, ta ɗauki sandarta ta ce, "To yara, sai an jima. Wasa dai bai ƙare ba."

Da yamma na same ta a gida tana tsince shinkafa. Ko zama ban yi ba na ce, "Goggo, kin kunyata ni a gaban ɗalibaina."

Ta ce, "Ki fara gaisuwa tukuna, malamar zamantakewa."

Na gaishe ta ina haɗiyar zuciya. Na ce zamaninsu daban namu daban, yanzu akwai manhaja, akwai masu duba aiki. Ta bar ni na zazzage duka ba ta katse ni ba, don a wurinta har lokacin ni ke riƙe da tamaula. Da na gama na ciro ta na miƙa mata. Sai ta mai da hannuwanta baya.

"Ba a miƙo ta. Jefowa ake yi, kuma da magana."

Daga nan aka shiga ja-in-ja. Ban daina zuwa gaishe ta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Za mu yi hira, ta zuba mini abinci, ta tambayi yara. Amma da na miƙe zan tafi sai ta buɗe tafukan nan biyu. In ta kira ni a waya, ƙarshen maganarta, "Malama Ƙarama, ina jira." Na ba Yaya ta kai mata, ta dawo mini a leda ɗaya da kular dambun da ta aiko. Na tura ta ƙarƙashin matashin kanta na gudu, washegari sai ga Bakatsinen nan mai Keke har ofishin malamai, a gaban abokan aikina, yana cewa, "Malama ta ce kin yi mantuwa." Ta kuma ƙi haɗa wata sabuwa. In an tambaye ta a taro sai ta ce, "Tana hannun wata, ana jira ta gama tunani."

Dangi kam sun ji daɗina. Baffa ya ja ni gefe a wani suna ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki riƙe ta da kyau, mun samu muna cin abinci da zafinsa." Maigidana ne kaɗai yake cewa, "Ke kuwa ki faɗi magana ɗaya mana ki huta. Ki ce ta iya dambu."

Ba rashin abin faɗa ne ya hana ni ba. Ina shekara bakwai mahaifiyata ta rasu, aka kawo ni gidan Goggo, na daina magana ɗungurungum. Masu cewa a kai ni asibiti suna yi, masu cewa a karɓo rubutu suna yi. Goggo ta ce a ƙyale ta da ni. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta zauna a dokin ƙofa ta jefo mini tamaular nan. Ni kuma in mayar mata ba tare da na ce uffan ba. In ta cafe sai ta kira sunana ta ce, "Yau ta ɗauko mini buta ban aike ta ba." Ko ta ce, "Yau ta ba mage ruwa." Sai ta sake jefo mini, ta buɗe hannu, ta jira. Wata bakwai muna haka. Wata rana na ji bakina ya ce, "Goggo ta tsefe mini kai ba zafi." Ba ta yi guɗa ba, ba ta rungume ni ba. Cewa kawai ta yi, "To, jefo." Sai da na girma Yaya ta gaya mini ranar ɗaki ta shiga ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba.

To wannan zan tsaya in faɗa a gaban yaran da nake tsawata wa? Da farko fushi ne ya riƙe mini baki. Da fushin ya wuce sai ya zama taurin kai, wa zai fara sakkowa. Daga baya ma na saba, ina ganin Goggo ai tana nan, ko yaushe na shirya zan jefa mata.

Da jikinta ya tashi aka kwantar da ita, na je bayan an tashi daga makaranta, ranar da ta kwana uku a asibiti. Ɗakin cike yake, Baba da Baffa da surukai da maƙwabta. Magana ta fara yi mata wuya. Tana ganina sai hannuwanta da ke kan bargo suka juya a hankali, tafukan suka kalli sama. Na sa hannu a jaka, na taɓa tamaular. Na dubi mutanen da ke ɗakin. Na ce a raina gobe zan zo da wuri, lokacin da babu kowa. Na kama hannunta na ce, "Sannu Goggo, Allah ya ba ki lafiya." Ta yi mini irin kallon da take yi wa yaron da ya ce, "Yana da kirki."

Washegari muna tsaye a taron safe na makaranta wayata ta yi ƙara.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na ja Yaya ɗakin Goggo na ciro tamaular na miƙa mata. Na ce ta ajiye a cikin kayan marigayiya. Wallahi sai Yaya ta mai da hannuwanta baya.

Na ce, "Haba Yaya, har da ke?"

Ta ce, "Ita ta gaya mini tun tana da baki. Ta ce ko bayan ranta kada wanda ya karɓa a miƙe."

"To yanzu wa zan jefa wa?"

"Wannan kuma ke ce malama."

Na fito ina kuka ina masifa a lokaci guda. Mutum yana kabari amma bai fasa ba ka aikin gida ba.

Litinin da na koma aiki, 'yan aji ɗaya ne gare ni, darasin kuma a kan sauraro da girmama juna. Na ɗauki alli na fara rubuta kan magana, na kai rabi na tsaya. Bayana tsit, sai ƙarar biro. Na ajiye allin, na zuge jaka. Yara suka fara ƙus-ƙus da suka ga malamarsu mai ɗaure fuska riƙe da dunƙulen tsumma. Na zayyana musu dokoki yadda na haddace su tun ina yarinya. Ina ɗaga hannu zan jefa, sai wata mai surutu a bencin gaba ta ce, "Malama, to ke wa ya jefo miki?"

Na ce ta zauna. Ta ce, "Ai ke kika ce duk wanda ke riƙe da ita sai ya faɗa."

Ban taɓa kiran sunan Goggo da bakina ba, mu a gidanmu ba a yi. Ranar na faɗe shi cikakke, da na mahaifinta. Na ce, "Mutuniyar kir..." sai na kama bakina, don har na ji muryarta a kunnena. Yara suna jira, ba wanda ya katse ni. Na ce, "Ta jira ni. Sau biyu. Na farko wata bakwai ta yi tana jira, na zo. Na biyu ban zo ba."

Ba su gane ba, amma sun ga hawayen. Na share da bayan hannu, na hango wata a bencin baya wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, na jefa mata. Ba a yi minti goma ba malamin lissafi na ajin kusa ya leƙo yana cewa don Allah mu rage hayaniya. Na ce masa ya yi haƙuri, gado na ci.

Ana kaɗa ƙararrawa tamaular ta dawo hannuna. Mai surutun nan ta sake ɗaga hannu. "Malama, ai ba ke kika fara ba. Wasa bai ƙare ba ke nan."

Na ce, "Bai ƙare ba. Gobe kowa ya zo da abin da zai faɗa."

Allah ya jiƙanki Goggo, ya yalwata miki makwanci, ya sa duk alherin da kika matsa wa bakunan mutane suka furta ki tarar da shi a mizaninki. Manhajata ta koma baya da sati biyu, kuma ke kika ja. Zaren tamaular ya fara warwarewa, na soma tara tsofaffin safa. Na faɗa, Goggo. A makare, kuma ba ki nan ki ce mini, "To, jefo."